MARIGAYI ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA DA WUTAR KAINJI

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Naira biyar ya ga hoton wani dattijo mai rawani da sanyin fuska. Shi ne Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, kuma shi kaɗai ya taɓa riƙe wannan muƙami a ƙasar nan. A darasin tarihi mukan koyi ranar da ya karɓi 'yancin kai da ranar da aka kashe shi. Amma akwai wani aikinsa da ya shafe mu a nan Zuru kowane dare, lokacin da ake jira a ga ko za a kawo wuta a yi karatun dare, ko kuwa sai an koma ga tocila. Wannan aiki shi ne madatsar ruwa ta Kainji da layin wutar lantarki na ƙasa da ya taso daga gare ta. Bari mu bi rayuwarsa mu ga yadda malamin makaranta, wanda bai karanta aikin injiniya ba, ya tsaya a kan wannan babban aiki.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abubakar a watan Disamba 1912 a ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala talaka ne mai hidima a gidan hakimi, sunan mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Tafawa Ɓalewa sunan garinsu ne, ya ɗauka ya haɗa da nasa kamar yadda 'yan makarantar wancan zamani suka saba. Ya fara da karatun allo, ya shiga makarantar boko a garinsu, sa'an nan aka kai shi makarantar lardi a Bauchi. A 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, inda ake horar da malamai domin makarantun Arewa. A can ya haɗu da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato.

Ya gama a 1933 ya koma Bauchi ya kama koyarwa a Makarantar Midil. A wannan lokaci ne ya rubuta littafinsa Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934, har yau kuma ana karanta shi a makarantu. Ya yi shekaru yana riƙe da alli har ya zama shugaban makarantar. A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa. Mutanen zamaninsa sun san shi da natsuwa, da sauraron mutum har ya kai aya, da kuma daɗin murya idan yana magana da Turanci.

Shigarsa siyasa

Da ya dawo a 1946 aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa a Kaduna, a 1947 kuma ya tafi Majalisar Dokoki ta Ikko. A watan Agusta 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo shawarar a gyara mulkin En'e, domin talaka ya sami ta cewa a kan yadda ake mulkinsa. A lokacin nan wannan magana ba ƙarama ba ce daga bakin ɗan talaka a gaban sarakuna da Turawa. Yana cikin waɗanda suka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya aka ba shi Ma'aikatar Sufuri. A nan ne ya fara sanin Kogin Kwara a matsayin aikin ofis.

Yadda kogi ya shiga ransa

Tun 1953 gwamnati ta ɗauko wani kamfanin injiniyoyin ƙasar Holan mai suna NEDECO domin ya binciki Kwara da Binuwai. Abin da ake nema da farko shi ne hanyar da jiragen ruwa za su riƙa hawowa Arewa su kwashi gyaɗa da auduga. Injiniyoyin sun yi shekaru suna auna zurfin ruwa, da gudunsa, da yawan yashin da yake ɗaukowa, rani da damina. Rahotonsu bai fito ba sai 1959.

A 1955 Abubakar ya tafi Amurka ya ga yadda ake sufuri a kan kogin Misisifi da na Ohayo. Gani ya kori ji. Ya ga yadda ake sarrafa manyan koguna su yi wa mutane bauta, ya kuma ga mutane masu asali daban-daban suna zaune a ƙasa ɗaya. Da can yana cikin masu shakkar ko Arewa da Kudu za su iya zama tare. Bayan wannan tafiya ra'ayinsa ya karkata ga haɗin kan Nijeriya.

Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin kai ran 1 ga Oktoba 1960. A lokacin nan wutar lantarki ta 'yan garuruwa ce kawai. Hukumar lantarki ta ECN, wadda aka kafa a 1950, tana da injuna a manyan birane, kusan kowane birni da nasa, masu cin gawayin kwal ko man dizal. A ƙasar Jos kamfanin NESCO yana samar da wuta daga ruwan Kurra tun wajen 1929, saboda masu haƙar kuza. Idan injin wani gari ya mutu, babu yadda wani gari zai taimake shi, gama babu wayar da ta haɗa su.

Kainji

Awon da aka yi wa kogin ya nuna wani abu mai amfani. Kwara takan cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Akwai farin ruwa, wato ruwan daminarmu mai laka, wanda wani kasonsa daga duwatsun ƙasar Zuru rafuka suke gangarowa da shi. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso nan a lokacin hunturu. Ke nan madatsa a wannan wuri za ta sami ruwa har cikin rani. A 1961 NEDECO da kamfanin Balfour Beatty na Ingila suka ba da shawarar a fara da Kainji, inda kogin ya matse tsakanin duwatsu, daga baya a yi Jebba da Shiroro.

A watan Yuli na shekarar ne Firayim Minista ya sake zuwa Amurka bisa gayyatar Shugaba Kennedy. Cikin wuraren da ya ziyarta har da birnin Knoxville, hedkwatar hukumar da ta datse kogin Tennessee ta ba yankin wuta. A 1962 gwamnatinsa ta kafa Hukumar Madatsun Kwara, ta kuma sa Kainji ya zama aiki mafi girma a cikin shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968. Ministan Ma'adinai da Lantarki a lokacin shi ne Alhaji Yusuf Maitama Sule. A 1964 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, wasu ƙasashe suka ƙara nasu, aka ba kamfanin Impregilo na Italiya kwangilar gini. A shekarar Abubakar ya je Kainji da kansa ya ƙaddamar da aikin. Daga fara awo zuwa fara gini shekara goma sha ɗaya ke nan.

Aikin bai zo kyauta ba. Tafkin da ya taru ya miƙa kimanin kilomita 135, har ƙasar Yawuri, maƙwabtanmu a Jihar Kebbi. Fiye da mutum 40,000 na masarautun Yawuri da Borgu aka tayar daga gidajensu, cikinsu da Gungawa masu noman albasa a tsibirai da Kambari. Tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa. Gonaki da kaburburan kakanni sun tafi. Idan muka kunna fitila, ya kamata mu tuna akwai waɗanda suka biya wannan haske da mahaifarsu.

Ƙarshensa

Shekarunsa na ƙarshe masu nauyi ne. An yi rikicin Jihar Yamma tun daga 1962, da gardamar ƙidayar jama'a, da tarzoma a ƙasar Tibi, da zaɓen 1964 wanda ya kusa raba ƙasa. Masu sukarsa sun ce ya yi jinkirin kashe wutar rikicin Yamma bayan zaɓen 1965, har ta gagara. A daren 15 ga Janairu 1966, kwana kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Ikko, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta. An binne shi a Bauchi yana da shekara 53. Bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, ko da yake manyan kwangiloli irin na Kainji sun bi ta hannun gwamnatinsa.

Bai ga wutar Kainji ba. An gama madatsar a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe ta a farkon 1969. Ta fara da injuna huɗu masu ba da megawat 320, zuwa 1978 suka zama takwas masu megawat 760. Daga nan aka ja manyan wayoyi masu ƙarfin bolt 330,000 zuwa Kudu da Arewa, garuruwan da dā kowa ke shan wutarsa shi kaɗai suka zama a kan layi ɗaya. A 1972 aka haɗe ECN da Hukumar Madatsun Kwara suka zama NEPA. Wani layi ya tashi daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, a 1976 kuma aka miƙa shi har Yamai ta Jamhuriyar Nijar. Jebba ta fara aiki a 1985, Shiroro a 1990, kamar yadda aka tsara tun zamaninsa.

Gadon da ya bari a yau

An gina wannan layi domin ƙasa mai mutum kimanin miliyan 55 bisa ƙidayar 1963. Yanzu mun haura miliyan 200. An rushe NEPA a 2005, daga 2013 zuwa 2014 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa, Jihar Kebbi ta faɗa ƙarƙashin na Kaduna. Duk da haka, daga 2020 zuwa 2024 wutar da ke bin layin ƙasa yawanci ba ta wuce megawat 5,000 ba. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ya rage kuma ya sami matsala.

Ga dalilin da ya sa layin yakan faɗi. Wutar da ke cikin waya ba a tara ta a rumbu kamar dawa. Abin da injuna suka samar a wannan daƙiƙa, shi ake sha a wannan daƙiƙa. Wutarmu takan juya sau 50 a daƙiƙa guda, dukan injunan ƙasa kuwa dole su yi tafiya da taki ɗaya. Idan masu jan wuta suka fi ƙarfin injuna, sai juyin ya ragu, kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da kima. In ba a rage kayan nan take ba, injuna sukan kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone, ƙasa duka ta shiga duhu. Akwai cibiya a Oshogbo mai lura da wannan, amma mai lura ba zai gyara abin da bai gani ba.

Gyaran da duniya take yi yanzu shi ne a ba layin wuta ido da kunne. Ana sa na'urorin awo a tashoshi da taransifoma, suna aika labari ga kwamfuta a kowane lokaci, ita kuma ta rage kaya ko ta kauce wa layin da ya lalace tun kafin mutum ya ɗaga waya. Wannan tsari na gani da sarrafawa daga nesa shi ake kira SCADA. A gidaje kuma ana sa mita, domin kowa ya biya abin da ya sha, a daina kawo takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin raba mita ga jama'a da yawa. Layin zamanin Abubakar daga madatsa zuwa gida kawai yake kai wuta. Layin zamani yana iya karɓar wutar hasken rana daga rufin makaranta ko asibiti ya kai wa maƙwabta. Dokar lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu.

Darasi gare mu

Ya ku ɗalibai, ku lura da abu guda. Kainji ya tsaya fiye da shekara hamsin domin an auna kogin kafin a zuba siminti, shugaban da ke sama kuma ya yi haƙurin jiran masu awo. Sabon tsarin wuta ma awo ne daga farko har ƙarshe: nawa aka samar, nawa ya ɓace a hanya, wa ya sha, wa ya biya. Na'ura za ta auna, amma ba za ta hana mutum zagaye mita ba, ko yashe man taransifoma, ko kwance ƙarafan turakun wuta ya sayar. Wanda ya yi haka, unguwarsu ya jefa cikin duhu, da ɗakin haihuwa na asibiti, da mai injin niƙa da ke ci da iyalinsa.

Saboda haka ku riƙe Lissafi da Kimiyya da hannu biyu, gama masu iya karanta waɗannan na'urori ake nema, kuma babu dalilin da zai hana su fito daga Zuru, ko Dabai, ko Riɓah. Waɗanda kuma za su zama malamai ko shugabanni, su tuna da malamin Midil ta Bauchi, wanda ya fara aikin da ya san zai ɗauki shekaru, ya mutu bai ga haskensa ba, mu muke amfana. Gyaran layin nan yanzu yana wuyanmu.