William Lever, attajirin sabunin Sunlight da ya sayi Kamfanin Neja

A filinmu na tarihi na wannan mako mun ɗauko wani Bature ɗan Ingila wanda da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa dukiyarsa ta taɓa rayuwar kakanninmu. Dattawan Maradi da Damagaram suna tune da kantin Niger-France, inda ake auna gyaɗa da kaka, a kuma sayar da atamfa da sauran kayan Turai. To wannan kantin reshe ne na Kamfanin Neja, wanda ya samo sunansa daga kogin Kwara, wato kogin Isa. Daga 1920 kuma Kamfanin Neja ya zama mallakar William Lever. Abin da ya ja hankalinmu a tarihinsa shi ne yadda mutum ɗaya ya riƙe dukkan ragamar babban kamfani, da abin da hakan ya haifar wa ma'aikatansa na Ingila, da mutanen Kongo, da shi kansa kamfanin.

An haifi William Hesketh Lever ranar 19 ga Satumba 1851 a garin Bolton da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi. Yana da shekara 16 ya shiga kantin uban, kuma aikinsa na farko shi ne yanka sabuni da naɗe shi, domin a wancan zamani sabuni doguwar sanda ne marar suna, mai kanti ya yanka maka gwargwadon kuɗinka. A nan yaron ya gano cewa mai saye ba ya da hanyar rarrabe mai kyau da marar kyau. Da ya girma sai ya raɗa wa nasa sabunin suna Sunlight, ya sa shi cikin kwali, ya zuba kuɗi wajen talla. A 1885 shi da ƙanensa James suka fara sarrafa shi da kansu a garin Warrington, da sunan kamfanin Lever Brothers. Sabunin nasu yana da kumfa sosai saboda yawan man tsirrai da ke ciki, musamman man ƙwarar kwakwar manja, wato alayyadi. Wannan buƙata ta mai ita ce daga baya ta jawo shi Afirka.

Kasuwa ta buɗe har masana'antar ta yi musu kaɗan. Lever ya sayi wani fili mai fadama a bakin kogin Mersey, tsallaken birnin Liverpool, daga 1888 ya gina sabuwar masana'anta, ya kuma gina wa ma'aikatansa gari guda mai suna Port Sunlight. Kafin 1914 gidajen sun kai wajen 800, ga makaranta, ga asibiti, ga wurin wanka da filayen shaƙatawa, a lokacin da leburorin biranen Ingila ke cunkushe a ɗakuna masu duhu da laima. Ya ƙirƙiro fansho ga ma'aikatansa, kuma da ya zama ɗan majalisa daga 1906 zuwa 1909 ya yi ta neman gwamnati ta riƙa biyan tsofaffi kuɗin tsufa. Har ya rubuta yana goyon bayan a rage aikin yini zuwa awa shida.

Amma fa alherin nan da sharaɗinsa. Ra'ayin Lever shi ne kada a damƙa wa lebura rabonsa na riba a hannu, wai zai ƙarar da shi a shan giya, gara shi mai gida ya juya masa kuɗin zuwa gida da asibiti. Gidan kuwa na kamfani ne, ranar da aka kore ka daga aiki ka fara haɗa kayanka ke nan. A 1909 ya fito da wani tsari na ba tsofaffin ma'aikata takardar rabon riba, sai dai takardar ba ta ba mai ita ƙuri'a ko ɗaya a taron kamfani. Haka abin yake ga masu zuba jari. Tun 1894 aka buɗe wa jama'a ƙofar sayen hannun jari, amma irin wanda ake biyan riba tsayayya a shekara aka sayar musu, shi kuwa hannun jarin da ke da iko Lever ya riƙe abinsa. Daraktoci suna nan da sunansu da ofisoshinsu, magana ta ƙarshe dai tasa ce.

A Ingila akwai masu iya taka masa birki daga waje. A 1906, da farashin mai ya tashi, ya nemi haɗe manyan masu sabuni wuri guda, ya kuma rage nauyin sandar Sunlight daga oza 16 zuwa 15 maimakon ƙara kuɗi. Jaridar Daily Mail ta taso shi gaba, masu saye suka juya baya, dole shirin ya rushe cikin ƴan makonni. Shekara mai zuwa ya kai jaridar kotu kan ɓata suna, aka biya shi diyyar fam 50,000, amma haɗakar ba ta sake tashi ba.

Neman manja mai araha ya sa ya roƙi gwamnatin Ingila ta ba shi manyan filaye a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Aka hana shi. Ko daga baya ma gwamnan Najeriya Hugh Clifford ya tsaya kai da fata cewa ƙasa ta zauna a hannun manoma. Sai Lever ya juya wajen Beljiyam, wadda ke mulkin Kongo. A 1911 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba shi damar zaɓar fili har hekta 750,000 a yankuna biyar, ya kafa kamfanin Huileries du Congo Belge. Cibiyar aikin tana Lusanga, kusa da Kikwit, aka sake mata suna Leverville.

Yarjejeniyar ta ɗora masa gina makarantu da asibitoci, kuma an gina wasu. Matsalar ita ce itatuwan kwakwar da ya samu ba shi ya dasa su ba. Kurmi ne da mutanen wurin suka gada kaka da kakanni, hukumar mulkin mallaka ta ce wai fili ne marar mai shi. Mutane ba su ga dalilin barin ƙauyukansu su je hawan dogayen itatuwa don ɗan abin da ake biya ba. Sai aka bi ta hanyar tilas: hukuma ta ɗora harajin kai da sai da kuɗi ake biya, aka matsa wa sarakunan gargajiya su kawo matasa, aka yanka wa kowane mai sara adadin da zai kawo, wanda ya gudu ko ya gaza kuma ga bulala ga kurkuku. Likitocin hukumar Beljiyam ɗin kansu sun rubuta rahotanni kan ƙarancin abinci da munin masauki a sansanonin leburorin. Lever ya ziyarci Kongo da kansa har sau biyu, kuma tsarin bai sauya ba. Shekara shida bayan mutuwarsa, a 1931, ƴan ƙabilar Pende na yankin Kwilu suka yi bore kan haraji da aikin dole, sojojin mulkin mallaka suka kashe ɗaruruwansu. Mutumin da ya gina Port Sunlight shi ne dai mai Leverville. A can Ingila lebura yana da jarida da ƙungiyar ƙwadago da ɗan majalisar da zai kai wa kuka, a Lusanga kuwa ba ya da ko ɗaya.

Rashin mai ce masa a'a ya kusa cin kamfanin kansa. A watan Janairun 1920, lokacin da kayan gonar Afirka ke tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Lever ya amince ya sayi Kamfanin Neja kan fiye da fam miliyan 8, ba tare da an tura masu bincike sun duba littattafan kuɗinsa da kyau ba. Kamfanin ne ke sayen manja a kudancin Najeriya da gyaɗa a Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911, kuma manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata sun yi hulɗa da shi. Bayan an gama ciniki aka tarar banki na bin sa bashin wajen fam miliyan 2. Cikin ƴan watanni farashi ya faɗi warwas, kaya suka jibge ba mai saye. Bankuna suka ɗaure fuska. Wani akanta mai suna Francis D'Arcy Cooper, wanda gidansu ke duba wa Lever Brothers lissafi, shi ya shiga tsakani har aka samu rance a 1921. Daga nan tsohon ya fara jin maganar wani. Cooper ya shiga cikin daraktoci a 1923.

A wannan shekarar aka naɗa wasu mutum biyu, Ernest Bell da Walter Snelling, su gyara Kamfanin Neja, kuma sun gyara shi. Sai dai a ɓoye sun yi cinikin koko don aljihunsu da bayanan da suka samu a kujerarsu. Da aka sallame su a 1929 aka ba ɗaya fam 30,000, ɗaya fam 20,000, kafin asiri ya tonu. Lever Brothers ya je kotu neman kuɗinsa, kotun ƙoli ta Ingila ta lokacin ta ce kuɗin sallamar sun zauna. Har yau ɗaliban shari'a na karanta wannan hukunci.

Lever bai ga ƙarshen wannan ba. Ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe a Afirka, ciwon haƙarƙari ya kama shi, ya mutu a Landan ranar 7 ga Mayu 1925 yana da shekara 73, yana riƙe da sarautar Lord Leverhulme. Dubban mutane suka halarci jana'izarsa a Port Sunlight. Cooper ya zama shugaban kamfani. A 1929 aka haɗe Kamfanin Neja da babban abokin gasarsa aka samu UAC, sannan Lever Brothers ya haɗu da wani kamfanin man shafa wa burodi na Holand aka samu Unilever. A nan ƙasarmu kantunan Turawa sun ci gaba da riƙe cinikin gyaɗa har gwamnati ta kafa SONARA a 1962. Gonakin Kongo kuwa sai a 2009 Unilever ya sayar da su.

Yau Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA. Dokar ta wajabta wa babban kamfanin hannun jari ya naɗa mai binciken kuɗi daga waje, ya kuma kira taron masu hannun jari kowace shekara cikin wata shida bayan rufe lissafi. Tun 2010 ƙungiyoyin haɗin gwiwa ma suna da tasu dokar: kowane mamba ƙuri'a ɗaya, kuma dole a zaɓi kwamitin sa ido daban da masu gudanarwa. Mun sani sarai cewa a ƙungiyoyinmu da yawa, na masu albasa ne ko na mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli, kunya kan hana a tambayi shugaba lissafi, balle in dattijo ne mai kyauta da ya kafa ƙungiyar da guminsa. Ai Lever ma mai kyauta ne, kuma shi ya kafa nasa kamfanin. Saboda haka idan an kira taron shekara na ƙungiyarku, ku daure ku je, ku nemi a karanta rahoton kwamitin sa ido a bainar jama'a kafin a ɗaga hannu.