Elliott Joslin: Likitan da ya koya wa masu ciwon suga gwada kansu a gida

A yau mai ciwon suga kan soki ɗan yatsa, ya ɗiga jini a kan tsinken gwaji, cikin daƙiƙu kaɗan na'ura ta nuna masa matsayin sugansa. Shekaru ɗari da suka wuce babu wannan na'ura, amma akwai likitan da ya dage cewa mara lafiya da kansa ne ya kamata ya riƙa bibiyar sugansa kullum. Sunansa Elliott Proctor Joslin.

An haife shi a shekarar 1869 a garin Oxford da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, sannan ya karanci likitanci a Harvard. A 1898 ya fara duba marasa lafiya a birnin Boston.

A wancan zamani babu insulin. Yaron da cutar ta kama ba kasafai yake daɗewa a raye ba. Joslin ya buɗe babban littafin rajista, inda yake rubuta bayanan kowane mara lafiya: abin da yake ci, nauyinsa, sakamakon gwajinsa, da yadda ya ƙare. Ta takwas a jerin sunayen mahaifiyarsa ce. Da kiyaye abinci ta rayu fiye da shekara goma bayan an gano cutar a jikinta.

Kafin zuwan insulin, abin da yake hannun likitoci kawai shi ne rage abinci sosai. Joslin ya bi wannan hanya duk da tsananinta, domin ta kan ƙara wa wasu 'yan watanni ko shekaru. A 1922 insulin ya iso asibitinsa, wasu daga cikin waɗanda suka jure yunwar suka tsira.

Sai dai allurar ta zo da sabuwar tambaya: nawa za a yi, kuma ta yaya za a san ta isa? Amsar Joslin ita ce gwaji a gida. Tun a 1918 ya wallafa littafin jagora domin marasa lafiya, ba likitoci kaɗai ba. Ya koya musu gwajin fitsari da ruwan Benedict: a zuba ɗigo takwas na fitsari a cikin kimanin ƙaramin cokali na wani ruwa shuɗi, a dafa. Idan ya tsaya shuɗi, babu suga. Idan ya koma kore, rawaya ko ja kamar jan bulo, to akwai suga, kuma launin ne ke nuna yawansa. Ya kuma riƙa tura ma'aikatan jinya gida-gida suna koyar da awon abinci da yin allura.

Gwajin yana da rauni. Suga ba ya fitowa a fitsari sai ya haura kimanin 180 a ma'aunin jini, kuma gwajin ba ya nuna lokacin da suga ya faɗi ƙasa, abin da kan iya jefa mutum cikin suma. Duk da haka, shi ne idon mara lafiya na farko a kan cutarsa.

Wasu likitocin zamaninsa sun ga kamar ya cika tsanani. A ganinsu, muddin mara lafiya yana yin allura kuma yana jin daɗin jikinsa, ba sai an takura masa ba. Joslin bai sauya ra'ayi ba: abinci, motsa jiki da insulin, tare da gwaji a kai a kai, su ne ke kare ido da ƙoda da ƙafa.

Ya rasu a watan Janairun 1962 yana da shekara 92, muhawarar ba ta ƙare ba. Sai a 1993 wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu nau'in farko na cutar ya tabbatar da cewa tsananta kula da suga na rage lalacewar ido, ƙoda da jijiyoyi ƙwarai.

Cibiyar da ya kafa a Boston tana nan har yau da sunansa, kuma tana bai wa waɗanda suka shekara 50 suna rayuwa da insulin lambar yabo.