Djibo Bakary: Jagoran Sawaba Da Ya Ce Wa Faransa A'a

A watan Disambar 2023 ne sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar. Shekara 65 kafin wannan lokaci, wani tsohon malamin makaranta mai suna Djibo Bakary, wanda yake shugabantar gwamnatin ƙasar, ya nemi 'yan Nijar su kaɗa ƙuri'ar rabuwa da Faransa nan take. Ya sha kaye, ya rasa kujerarsa cikin mako uku, aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba, ya yi shekara 15 yana gudun hijira. A manyan gaɓoɓi biyu na rayuwarsa, 'yan yankin Filinge ne suka tsaya a ɗaya ɓangaren: Adamou Mayaki, ministansa da ya rabu da shi a 1958, da Seyni Kountche, sojan da ya buɗe masa ƙofar gida a 1974 sannan ya kulle shi a shekarar da ta biyo.

Daga Sudure zuwa aji

An haifi Djibo Bakary a 1922 a ƙauyen Sudure da ke kusa da Yamai. A wannan ƙauye aka haifi Diori Hamani a 1916, kuma su biyun 'yan'uwa ne na jini. Djibo Bazabarme ne, amma a Tawa ya tashi a hannun dangi, inda ya ƙware a Hausa. Harshen ya yi masa rana daga baya, domin mafi yawan magoya bayansa a ƙasar Hausa suke, daga Tawa zuwa Maraɗi, Tasawa da Damagaram.

Ya yi karatu a makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal, wadda ta yaye yawancin 'yan bokon farko na ƙasashen rainon Faransa a Afirka ta Yamma. Da ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. A 1946, shekarar da Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka, aka kafa jam'iyyar PPN. Djibo ya shige ta, ya zama babban sakatarenta, ya ajiye alli ya rungumi siyasa.

PPN reshe ce ta babbar ƙungiyar RDA ta Felix Houphouet-Boigny, wadda take ƙawance da jam'iyyar Kwaminisanci ta Faransa. A 1950 Houphouet-Boigny ya warware wannan ƙawance ya nemi shiri da gwamnatin Faris. Diori ya bi shi, Djibo ya ƙi. A 1951 'yan'uwan biyu suka raba gari, kuma ba su sake zama inuwa ɗaya ba.

Talaka da raƙumi

Bayan barin PPN, Djibo ya koma noman lambu a gefen Yamai, yana haɗa kan leburori da ƙananan ma'aikata cikin ƙungiyar ƙwadago mai alaƙa da CGT ta Faransa. Saboda ra'ayinsa na gurguzu aka laƙaba masa Thorez, sunan shugaban Kwaminisancin Faransa na lokacin. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka fi sani da kirarinta, Sawaba. Kalmar ta riga ta karaɗe Arewacin Najeriya ta bakin 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma a ɓangarorin iyaka biyu ma'anarta ɗaya ce: sauƙi ga talaka daga haraji, zaluncin hakimai da wulaƙancin Nasara. Tambarin Sawaba raƙumi ne, na PPN kuma giwa.

Djibo ya san amfanin jarida tun da wuri. Ƙungiyar ƙwadagonsa tana buga wata mai suna Talaka, jam'iyyar kuma tana da Le Démocrate. Cikin marubutan Sawaba akwai Abdoulaye Mamani, wanda ya yi suna daga baya da littafinsa kan Sarauniyar Lugu. Sai dai masu karanta Faransanci 'yan kaɗan ne a Nijar ta wancan zamani, don haka saƙon ya fi tafiya da baki. Direbobin manyan motoci da yaran mota, teloli, mahauta, fataken goro, malaman zaure da mata masu zaman kansu, su ne suka kai sunan Sawaba tasha-tasha, kasuwa-kasuwa. Mutane ne da suka bar ƙauye amma ba su sami gurbi a birni ba, irin 'yan cin ranin da ƙasar Kurfai ta daɗe tana turawa Yamai, Najeriya da Ghana.

Ƙorafin da Sawaba ta ɗauka ba baƙo ba ne a Kurfai. Tun a 1925, a Shikal kusa da Filinge, 'yan borin da ake kira Hauka, ƙarƙashin wata mata mai suna Shibo, suka bijire wa sarkin da Faransawa suke mara wa baya, har sai da kumandan Crocicchia ya murƙushe su da ƙarfi.

Ƙawance da 'ya'yan sarauta

Ƙuri'ar talakan birni ba ta isa ta ba da mulki ba a ƙasar da yawancin jama'arta manoma da makiyaya ne, waɗanda ke zaɓen abin da sarki ya nuna. A 1956, bayan dokar Defferre ta ba kowane baligi damar zaɓe, Djibo ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, mai samun goyon bayan sarakunan gargajiya. Manyan jiga-jiganta sun haɗa da Georges Condat, Issoufou Saidou Djermakoye na gidan sarautar Dosso, da Adamou Mayaki, haifaffen Filinge a 1919 kuma ɗan gidan sarautar Kurfai.

Haɗakar, wadda aka kira MSA, ta biya da sauri. A ƙarshen 1956 Djibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen 31 ga Maris 1957 ta ci kujeru 41 cikin 60 na majalisar ƙasa, PPN ta tashi da 19. Djibo ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Nijar, Mayaki na cikin ministocinta.

Zaman ya zama na 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. 'Yan ƙwadago na son a rage ƙarfin sarakuna, sarakuna kuma na ganin su suka kawo ƙuri'a. Gwamnatin Djibo ta tuɓe ko ta dakatar da wasu hakimai, kuma a Afrilun 1958 magoya bayan Sawaba da na PPN suka gwabza a titunan Yamai. Masu sukarsa sun zarge shi da amfani da ikon gwamnati da matasan jam'iyya wajen takura wa 'yan hamayya, zargin da shi ma ya yi wa wasu bayan ya sauka.

Ranar 28 ga Satumba

Da Janar Charles de Gaulle ya karɓi mulki a Faransa a 1958, ya ba ƙasashen rainonta zaɓi biyu: su ce E su zauna cikin sabuwar tarayya ƙarƙashin Faris, ko su ce A'a su sami 'yanci nan take ba tare da tallafin Faransa ba. A taron jam'iyyar PRA a Kwatano cikin watan Yuli, Djibo na cikin waɗanda suka fi matsawa kan 'yanci ba jinkiri. Shi da Seku Ture na Gini ne kaɗai shugabannin gwamnati a Afirka ta Yamma da suka yi kiran a ce A'a.

Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba. Ƙasar tana iyaka da Aljeriya, inda yaƙin neman 'yanci ke ci tun 1954, ga kuma uraniyom da aka gano a Azelik a 1957. Makonni kaɗan kafin zaɓe aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya sa ma'aikatan mulki, sojoji da kuɗi a bayan ƙuri'ar E. Sarakuna suka juya wa Sawaba baya. Adamou Mayaki da Issoufou Saidou Djermakoye suka fice suka yi kiran a ce E, tare da Diori da PPN. Rabin da ke kawo ƙuri'ar karkara ya tafi ke nan.

Sakamakon da aka bayyana ya ba E kashi 78 cikin ɗari, A'a kashi 22, kuma waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, wanda ya wallafa babban littafi kan Sawaba a 2013, ya ɗauki abin da Colombani ya yi a matsayin juyin mulki. A watan Oktoba Djibo ya yi murabus, aka rushe majalisa, aka yi sabon zaɓe a Disamba, 'yan kujerun da Sawaba ta samu ma aka soke su. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka ayyana Jamhuriyar Nijar, Diori ya zama shugaban gwamnati. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, kuma lokacin da ƙasar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce ta rage, rediyo da jarida duk a hannun gwamnati.

Hijira da makami

Djibo ya zauna a Bamako, sannan ya koma Akra wurin Kwame Nkrumah. Daga waje jam'iyyar ta ci gaba da buga jarida mai suna Gaskiya, ana shigo da ita da takardun farfaganda a ɓoye, kuma kama mutum da su ya isa a ɗaure shi. Kano ta zama mafaka ga 'yan Sawaba, inda 'yan NEPU suka karɓe su. Jam'iyyar ta tura ɗalibai karatu ƙasashen gurguzu, ta kuma tura wasu matasa horon soja a Sin, Vietnam ta Arewa, Aljeriya da Ghana.

A Oktoban 1964 waɗannan mayaƙa suka kutso Nijar ta iyakoki da dama, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Gwamnati ta riga ta shirya, ta sa mazauna ƙauyuka farautarsu, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba, Amadou Diop, ya jefa gurneti a filin Idin babbar salla da nufin kashe Diori. Shugaban ya tsira, wani yaro ya mutu. Aka kama mutane masu yawa, wasu suka mutu a tsare. Bayan kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, Djibo ya koma Konakiri.

Dawowa gida

Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari da yunwa, Laftanar-Kanar Seyni Kountche, haifaffen Damana Fandu a yankin Filinge, ya hamɓarar da Diori. Ya saki fursunonin siyasa, ya bar Djibo ya dawo bisa sharaɗin kada ya yi siyasa. A Agustan 1975 aka kama shi tare da Sani Souna Sido, mutum na biyu a gwamnatin sojan, bisa zargin shirya juyin mulki, ya yi shekaru a tsare. A wannan lokaci 'yan'uwan biyu na Sudure duk fursunonin Kountche ne. Jaridar gwamnati ta sauya suna daga Le Temps du Niger zuwa Le Sahel, amma sai a 1990 ƙasar ta ga jarida mai zaman kanta, wato Haske.

Da aka dawo da jam'iyyu gab da Taron Ƙasa na 1991, Sawaba ta farfaɗo amma a rabe. Djibo ya wallafa tarihin gwagwarmayarsa a 1992, shekara ɗaya bayan Adamou Mayaki ya fitar da nasa littafin kan jam'iyyun Nijar daga 1946 zuwa 1958. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993 ya sami ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, a zaɓen da Mahamane Ousmane ya lashe. Yawancin masu ƙuri'a ba a haife su ba lokacin da raƙumi ke tashe.

Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998 yana da kimanin shekara 76. Firaministan Nijar a wannan rana shi ne Ibrahim Assane Mayaki, ɗan Adamou Mayaki.

Har yau ra'ayi ya rabu a kansa. Magoya bayansa na ganin shi ne ya fara neman cikakken 'yanci, Faransa da sarakuna suka yi masa taron dangi. Masu sukarsa na cewa ya yi gaggawa a 1958 ba tare da ya tabbatar da ƙasar na bayansa ba, kuma a 1964 ya tura matasa yaƙin da babu alamar nasara a cikinsa. Duka ɓangarorin sun yarda cewa shi ya fara gina jam'iyya a Nijar a kan direba, tela da lebura, yana yi musu magana da harshensu. A 2021 aka buɗe gadoji biyu a kan kogin Isa: ta Farie a jihar Tilaberi mai ɗauke da sunan Djibo Bakary, da gada ta uku ta Yamai mai ɗauke da sunan Seyni Kountche.