Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, Jikan Gaya, da Zuwan Kuɗin Wuri

Muhammadu Sharefa ɗan Dadi ya hau gadon sarautar Kano a shekarar 1703, ya kuma yi mulki har zuwa 1731. Mahaifiyarsa Mariyama ’yar Sarkin Gaya Farin Dutse ce, wanda ya yi shekara uku bai kai wa Kano haraji ba, har Sarki Dadi ya yaudare shi ya kashe shi. Ke nan mahaifin Sharefa ne ya kashe kakansa na wajen uwa, a kan maganar haraji.

Da sarauta ta zo hannunsa, sai mutanen Gaya suka sami faɗa a ji a fadar Kano. Kawunsa Jan Hazo ya zama Sarkin Gaya, shi ne kuwa ya kewaye garin da ganuwa. Haka aka shiga gina ganuwa a Takai da Gano da Dawaki, domin zamani ne na yaƙi, har ma Zamfarawa suka ci rundunar Kano a Yargana.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamaninsa ne wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Asalin wurin nan daga tsibiran Maldibis ne, can cikin Tekun Indiya, kuma ba shi ɗauke da suna ko hatimin kowa. A daular Rum kuwa ba haka abin yake ba. Tun zamanin Kaisar Agustus akan buga kan sarki a fuskar kuɗin tagulla, a baya kuma a sa haruffan S da C, alamar amincewar majalisar dattijai, don duk wanda ya riƙe kuɗin ya san mai ƙasa.

Sharefa bai buga kuɗi ba, amma talakawa sun san hannunsa ta hanyar haraji. Ya ɗora musu sababbin kuɗaɗe iri bakwai, ciki har da na auren ’yan mata da na Kasuwar Kurmi, marubucin tarihin kuwa ya lissafa su duka a cikin zalunci.

Ɗansa Kumbari, wanda ya gaje shi, ya tsananta harajin kasuwa har Kurmi ta kusa mutuwa. Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka gudu ƙauyuka.