Solomon Lar: Walin Langtang da ya sauya alƙiblar siyasar Filato

Cif Solomon Daushep Lar, gwamnan farar hula na farko a Jihar Filato kuma shugaban jam'iyyar PDP na ƙasa na farko, ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 2013, a wani asibiti a ƙasar Amurka, yana da shekara 80. Ya shafe fiye da rabin ƙarni ana damawa da shi a siyasar Najeriya, tun daga jajibirin samun 'yancin kai har zuwa Jamhuriya ta Huɗu. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da ya sa masu zaɓe a Filato kan bi tasu hanya, ko da ta saɓa wa ta jam'iyyar da ke mulki a tarayya, zai sami amsa mai yawa a cikin tarihin wannan mutum.

An haife shi a watan Afrilu na 1933 a Langtang, cikin ƙabilar Tarok. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa kuma maginiyar tukwane. Ya yi firamare a makarantar mishan da ke Langtang, sannan ya wuce kwalejin horar da malamai ta Gindiri, wadda ta yaye da yawa daga cikin 'yan bokon farko na wannan yanki. Daga nan ya koma gida ya kama koyarwa.

Zamanin ƙuruciyarsa zamani ne na tsoro da fata ga ƙananan ƙabilun Arewa. Yayin da Turawa ke shirin miƙa mulki, al'ummomin tsakiyar ƙasar sun shiga fargabar cewa za su fita daga hannun Bature su faɗa ƙarƙashin rinjayen jam'iyyar NPC da masarautun da ke mara mata baya. Hukumar Willink, wadda ta zagaya ƙasar a 1957 da 1958 don sauraron koken tsiraru, ba ta ba da shawarar ƙirƙiro musu sabuwar jiha ba. Wannan ƙorafi ne ya ba jam'iyyar UMBC ƙarfi a ƙarƙashin Joseph Tarka, kuma a tutarta ne matashin malamin makaranta daga Langtang ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta tarayya a 1959, yana da shekara 26.

A Legas aka fara ganin halin da ya bi shi har ƙarshen rayuwa, wato iya zama da abokin hamayya. Ya shiga majalisa daga ɓangaren adawa, amma bayan sake zaɓensa a 1964 sai ga shi sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, kuma ƙaramin minista. Masu sukarsa sun kira wannan sauya sheƙa. Magoya bayansa kuwa sun ɗauke shi a matsayin dabarar ɗan ƙaramar ƙabila da ya gane cewa wanda ke cikin ɗaki ya fi wanda ke bakin ƙofa sanin inda ake rabo.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya rufe wannan babi. Lar ya koma aji, ya karanci shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kammala a 1970, aka rantsar da shi lauya a 1971, ya buɗe ofis a Jos. A waɗannan shekaru taswirar ƙasar ta canza: Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro Jihar Binuwai-Filato a 1967, Janar Murtala Muhammed kuma ya raba ta biyu a 1976. Abin da UMBC ta nema shekaru da dama ya samu ta hannun soja. Saura tambayar wa zai riƙe sabuwar jihar, kuma da wace manufa.

Lar ya zauna a majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978, inda 'yan siyasar ƙananan ƙabilu daga sassa daban-daban suka fara haɗa kai. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NPP. Ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare, saboda saɓani kan ko mutum ɗaya zai haɗa shugabancin jam'iyya da takarar shugaban ƙasa. Alhaji Waziri Ibrahim ya fice ya kafa GNPP, sauran kuma suka gayyato Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama ɗan takararsu. Lar ya tsaya tare da su.

Sakamakon zaɓen 1979 ya ba mutane da yawa mamaki. NPP ta ci kujerar gwamna a jihohi uku: Anambra da Jim Nwobodo, Imo da Sam Mbakwe, sai Filato da Solomon Lar. Biyun farko ƙasar Ibo ce, mahaifar siyasar Azikiwe. Filato ce kaɗai jihar Arewa da ta ba Azikiwe rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, alhali Tarka, tsohon jagoran gwagwarmayar yankin, ya riga ya kai Binuwai cikin NPN ta Alhaji Shehu Shagari. Mutanen Filato ba yarensu ɗaya da Azikiwe ba, kuma ba su da wata tsohuwar alaƙa da shi da za ta kai ga haka. Sun zaɓi jam'iyyar da suke ganin su ne masu ita a gida, kuma Lar ne ya gamsar da su cewa NPP ce wannan jam'iyya.

Filato ta wancan lokaci ta haɗa da Jihar Nasarawa ta yau, wadda ba a cire ta ba sai 1996. A cikinta akwai ƙabilu barkatai, akwai Kirista da Musulmi da masu bin addinin gargajiya, akwai kuma masarautu irin su Lafiya, Keffi, Nasarawa da Wase. Lar ya ɗauki Musulmi daga kudancin jihar a matsayin mataimaki, domin kowane ɓangare ya ga fuskarsa a gidan gwamnati. Aka rantsar da su ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Manufar da gwamnatinsa ta shahara da ita ita ce 'yantar da al'umma. A aikace, wannan na nufin ƙirƙiro sababbin masarautu da gundumomi, ɗaga darajar sarakunan ƙabilun da aka daɗe da sanya su a ƙarƙashin wasu, da ƙara ƙananan hukumomi da makarantu a karkara. Ga wanda kakanninsa suka rayu suna kai haraji da gaisuwa ga sarkin da ba nasu ba, sandar girma a hannun ɗan ƙabilarsa ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ne tushen farin jinin Lar, kuma shi ya sa har yau dattawa a karkarar Filato da Nasarawa ke ambaton sunansa da girmamawa. Sai dai manufar ba ta rasa masu suka ba. Wasu a tsofaffin masarautu sun gan ta a matsayin rage musu ƙasa da martaba, wasu kuma na ganin ta ƙara ɗaure siyasa da asalin ƙabila.

An sake zaɓensa a 1983, a shekarar da NPN ta ƙwace jihohi da dama daga hannun 'yan adawa, ciki har da Anambra. Wata uku kacal da fara wa'adi na biyu, juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 ya kawo Manjo Janar Muhammadu Buhari. Kotun soja ta yanke wa Lar ɗaurin shekaru masu yawa, ya yi zaman kurkuku a Jos da Kirikiri, har sai da aka sake duba shari'arsa a zamanin Janar Ibrahim Babangida aka sallame shi.

A Jamhuriya ta Uku ya shiga SDP, wadda a babban taronta na Jos a 1993 ta tsayar da Cif Moshood Abiola. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Lar ya karɓi muƙamin ministan harkokin 'yan sanda a gwamnatin Janar Sani Abacha, tare da wasu fitattun 'yan SDP. Wannan ne matakin da aka fi yi masa tambaya a kai, domin Abiola ya shiga hannun hukuma a 1994 yana cikin gwamnatin. Amma a farkon 1998, lokacin da ake shirin mayar da Abacha shugaban farar hula, Lar na cikin 'yan siyasar Arewa goma sha takwas da suka rubuta takardar ƙin amincewa, kuma shi ya ɗauki nauyin isar da ita, a lokacin da irin wannan magana kan kai mutum kurkuku. Rukunin ya faɗaɗa zuwa mutum talatin da huɗu a ƙarƙashin Dokta Alex Ekwueme.

Bayan rasuwar Abacha ranar 8 ga Yuni, 1998, wannan rukuni ya zama ginshiƙin PDP, aka kuma ɗora wa Lar shugabancinta. Zaɓinsa ba haɗari ba ne. Jam'iyyar ta tara tsofaffin 'yan NPN, 'yan PRP, 'yan NPP da almajiran marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa, mutanen da suka shafe shekaru suna adawa da juna. Ana bukatar ɗan Arewa da Kudu za ta yarda da shi, Kirista da Musulmi ba za su guje shi ba. A ƙarƙashinsa aka yi babban taron Jos na Fabrairun 1999, inda Cif Olusegun Obasanjo ya samu ƙuri'u 1,658, Ekwueme ya samu 521. Jam'iyyar ba ta dare ba, ta kuma ci zaɓe. A watan Nuwamban wannan shekara Lar ya miƙa ragama ga Injiniya Barnabas Gemade.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da mafi munin lokaci a tarihin Jos. Rikicin Satumban 2001, dokar ta-ɓaci ta 2004, da tarzomar da ta biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Nuwamban 2008, duk sun nuna yadda tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ta koma ta jini. A 2010 aka naɗa shi shugaban kwamitin ba shugaban ƙasa shawara kan rikicin. Kafin shekarar ta ƙare, a jajibirin Kirsimeti, bama-bamai suka tashi a Kabong da Unguwar Rukuba. Mutumin da ya gina siyasarsa a kan ba kowace al'umma matsayinta ya ga birnin da ya yi mulki a cikinsa yana rarrabuwa unguwa-unguwa bisa addini.

Halin masu zaɓen da ya taimaka wajen ginawa yana nan. A 2015 da 2019 sun ba Simon Lalong na APC kujerar gwamna, amma suka ba PDP rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa. A 2023 Peter Obi na jam'iyyar LP, wanda matasa suka yi wa kamfe sosai a kafafen sada zumunta, ya zo na ɗaya a jihar, sannan makonni kaɗan bayan haka aka zaɓi Caleb Mutfwang na PDP gwamna. Dandalin muhawara ya tashi daga majami'u, masallatai da kasuwanni ya ƙara da Facebook da WhatsApp, amma ma'aunin bai canza sosai ba: mutumin Filato na duba wanda zai kare masa ƙasa da mutunci kafin ya duba tutar jam'iyya.

An binne Solomon Lar a Langtang, garin da ya ba shi sarautar Wali. Ya bar matarsa, Farfesa Mary Lar, tsohuwar jakadiyar Najeriya a ƙasar Holan, da 'ya'ya, ciki har da Beni Lar, wadda ta wakilci Langtang a Majalisar Wakilai, zauren da mahaifinta ya fara shiga a 1959.