Ernst Ruska, Bajamushen da Ya Ƙago Madubin Lantarki

Ni mutumin Godogodo ne, kuma a wata makarantar mishan ta wajenmu na fara ganin madubin likita, watau irin wanda a ke duba jini da shi. Guda ɗaya ne tak, kullum yana kulle a kabad. Malam ya kan fito da shi sau ɗaya a shekara, ya ɗora fatar albasa, mu yi layi mu leƙa, hannuwa a baya. To, da na karanta labarin Ernst Ruska sai na ga ashe shi ma haka aka yi masa, shi ya sa na ke so in ba ku labarinsa, ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta.

An haife shi a birnin Heidelberg a ƙasar Jamus ran 25 ga Disamba, 1906, shi ne na biyar cikin 'ya'ya bakwai. Ubansa, Julius Ruska, babban malami ne mai binciken littattafan Larabci na da, musamman na likitan nan Abubakar Ar-Razi. Yana da madubi babba a ɗakin karatunsa. Wani lokaci ya kan nuna wa yaran abin mamaki a ciki, amma ya hana su taɓawa, don kada su ɓata. Da Ernst ya girma sai ya zaɓi aikin injiniya, abin kuwa bai yi wa uban daɗi ba. Ya fara karatu a Munich a 1925, sa'an nan ya koma Berlin a 1927.

Sai in tsaya in bayyana wahalar da masana su ke ciki a zamanin. Madubin likita da haske ya ke aiki, haske kuwa yana da iyaka. Kadan ka raba milimita ɗaya kashi 5,000, to, abin da bai kai kashi ɗaya ba, kome kyan gilashi ba za a gan shi sosai ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana fitowa sarai, amma bairos, irin mai kawo ƙyanda ko shan inna, sai dai a ga ɓarnarsa, ba a ga shi kansa ba.

A 1926 wani masani, Hans Busch, ya nuna cewa in aka naɗe waya aka sa mata lantarki ta zama maganaɗisu, tana iya tattara ilektoron, watau 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki, kamar yadda gilashi ya ke tattara hasken rana. Ruska yana ɗalibi ya riƙe wannan magana. Shi da malaminsa Max Knoll suka jera naɗi biyu, ɗaya bayan ɗaya, a 1931 suka sami hoto. Girman da ya ƙara bai kai sau ashirin ba, ko madubin makarantarmu ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma dai hanya ta buɗe. A 1933 Ruska ya gina wani mai ƙara girma sau 12,000, wanda ya wuce iyakar madubin haske.

Duk da haka mutane ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Dalilinsu kuwa ba na banza ba ne. Ilektoron ba ya tafiya cikin iska, tilas a zuƙe iskar cikin na'urar duka, ga shi kuma da zafi. Suka ce duk abin da aka sa ciki bushewa zai yi ya ƙone. Ruska ya rasa mai ba shi kuɗi, sai ya shiga wani kamfanin talabijin a Berlin daga 1933 zuwa 1937, yana ta yawon roƙon masu masana'antu tare da abokinsa Bodo von Borries, wanda ya auri 'yar'uwarsa. Ƙanensa Helmut, likita, shi ya tsaya kai da fata a kan na'urar za ta amfani aikin asibiti. Daga bisani kamfanin Siemens ya karɓe su a 1937, a 1939 aka fara sayar da madubin. A wannan shekara Helmut da abokan aikinsa biyu suka fitar da hoton bairos ɗin da ke lalata ganyen taba.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, ba ruwanmu. A 1969 wata baƙuwar cuta ta kama wata nas ta mishan a garin Lassa, aka kawo ta asibiti a Jos, nan kusa da mu, ta rasu, wata nas da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Aka kai jini Jami'ar Yale a Amurka, can aka ware ƙwayar, da madubin lantarki kuma aka ga siffarta. Ita ce mu ke kira zazzaɓin Lassa.

Ruska ya bar Siemens a 1955, ya shugabanci sashen madubin lantarki a Cibiyar Fritz Haber ta Berlin har ya yi ritaya a 1974. Kyautar Nobel ba ta zo masa ba sai a 1986, shekara 55 bayan hoton farko, yana dab da cika tamanin. Aka ba shi rabi, Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka raba rabi. A ganina an yi masa jinkiri ƙwarai, gama Knoll da von Borries da Helmut duk sun riga sun rasu. Shi kuma ya rasu a Berlin ran 27 ga Mayu, 1988.

Abin dariya, na'urar da yaron nan ya ƙago ita ma ba a barin kowa ya taɓa ta haka kawai. A jami'o'in da ke da ita, sai ɗalibi ya rubuta sunansa, a koya masa yanka abu siriri fiye da fatar albasa sau ɗaruruwa, da yadda a ke zuƙe iska, ya yi ta yi a gaban mai kula har a yarda da hannunsa, kana a ba shi lokacinsa shi kaɗai. Watau hanin na kwanaki ne, ƙarshensa a sakar maka. Mu kuwa shekara shida muka yi muna leƙe, ban taɓa murɗa ko ƙusa ɗaya ba sai da na zo kwalejin nan. Wata mai zuwa za a tura mu gwajin koyarwa, na kuwa riga na roƙi malamin kimiyya ya ara mini madubi ɗaya in tafi da shi.