Nana Asma'u 'Yar Shehu da Waƙoƙin Marsiyya

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793. Ita 'ya ce ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma tagwaye aka haife su tare da ɗan'uwanta Hasan. Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sai sauran matan Shehu suka ɗauki renonta. Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta kuma ga yadda yaƙi da yunwa da cuta suka bar mata da yawa cikin takaba, yara kuwa cikin maraici.

Rashi bai ƙyale ta ba bayan da ta girma. Shehu ya rasu a 1817, ba da jimawa ba Hasan ya bi shi. A 1837 yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya cika a Wurno, daga bisani kuma ta rasa mijinta, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Asma'u ta yi rubutu da Fillanci da Larabci da Hausa, kuma wani kaso mai yawa na waƙoƙinta marsiyyoyi ne. Ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu, har da mata waɗanda ba su riƙe wata sarauta ba. Wanda ya nazarci waɗannan waƙoƙi zai lura da abubuwa uku. Na farko, ba ta ɓoye zafin rabuwa, domin zubar da hawaye bai saɓa wa imani ba. Na biyu, ba ta yabon mamaci da dukiya ko mulki, sai da haƙuri da kyauta da zumunci da taimakon raunana. Na uku, takan rufe da addu'a da miƙa al'amari ga Allah. Ta haka marsiyya takan zama ta'aziyya ga masu makoki, kuma darasi ga na baya.

Bugu da ƙari, ba ta tsaya ga alƙalami kaɗai ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwar mace a matsayin jaji, ta ba ta malfa, ta jagoranci matan ƙauyuka zuwa neman ilmi. Waƙoƙin da suka haddace su suke komawa da su gida, suna koyar da 'yan'uwansu, suna duba marasa lafiya, suna kuma tsayawa da waɗanda aka yi wa rasuwa. Mace da ta rasa miji ko ɗa takan sami jama'a da aikin yi maimakon kaɗaici.

Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ya kamata ɗaliban adabi su riƙa duban marsiyyoyinta ta fuskar aikin da suka yi wa al'umma, ba ta fuskar karin waƙa da amsa-amo kawai ba. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.